Baƙuwar Ƙoda da Tabon da Ba a Gani



Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamun da ke tsakanin Tsafe da Gusau ya san dashe. Ana cire irin albasa ko na tumatir daga inda aka rene shi, a kai shi wani fili, a ba shi ruwa, a koma gefe a jira. Kwanakin farko ganyen kan yi laushi kamar zai mutu, daga baya ya miƙe, manomi ya ce ya kama. Da wannan kalma Bahaushe ya raɗa wa aikin likitocin da ke ɗauke ƙodar wani su sanya wa wani suna, ya ce dashen ƙoda. Sunan ya dace, sai dai ya ɓoye abu guda. Ƙasar fadama ba ta tambayar albasa daga ina ta fito. Jikin ɗan Adam kuwa yana tambaya, kuma tambayar ba ta ƙarewa muddin baƙuwar ƙodar tana cikinsa.

A ƙaddara wani magidanci ne a 'Yandoton Daji, tsohon garin malaman nan da sunansa ya zama sarautar Tsafe. Hawan jini ya cinye masa ƙoda ba tare da ya ankara ba. Ya shiga jigilar wankin ƙoda a Gusau, yana wuce dutsen Kwatarkwashi ya dawo, mako bayan mako, har aljihu ya gaza. Ranar nan ƙanensa ya ce masa, "Yaya, in dai tawa za ta yi, a ɗauka." Aka sayar da gona da shanun huɗa, dangi suka yi karo-karo. Yau ba dole ne sai an tafi Indiya ko Masar ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana wannan aiki tun 2002, shekara biyu bayan asibitin St. Nicholas na Legas ya yi na farko a Najeriya. Na Jami'ar Maiduguri ya fara a 2010, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma ya yi nasa na farko a 2025. Aka ɗora sabuwar ƙodar a gefen mara, aka haɗa jijiyoyi, fitsari ya zubo tun ba a fita ɗakin tiyata ba. Gida ya cika da 'yan barka.

Bayan shekara shida ko bakwai ƙafa ta soma kumbura. Likita ya duba sakamakon jini ya ce ƙodar tana ja da baya. Abin da dangi kan faɗa a nan kusan ɗaya ne ko'ina: "To ai ta kama! Me kuma ya faru?" Amsar tana wurin wasu ƙananan sinadarai da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sinadaran haɓaka, kuma su ne abin da sharhinmu na yau zai duba.

Da farko, yaya jiki ke gane baƙo? A da, mutumin ƙasar nan kan dubi fuska ya gane Bagobiri ko Bazamfare ko Bakatsine ta tsagar gado. Kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum tana ɗauke da irin wannan tsaga, likitoci na ce mata HLA, rabi daga uwa, rabi daga uba. Tsakanin 'yan'uwa shaƙiƙai, damar tsagar ta zo iri ɗaya sak ɗaya ce cikin huɗu. Shi ya sa dashen farko da ya yi nasara a duniya, wanda Joseph Murray ya yi a birnin Bostan na Amurka ranar 23 ga Disamba 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, Ronald Herrick ya bai wa ɗan'uwansa Richard. Jikin Richard bai ga baƙo ba, ya ƙara shekara takwas a duniya ba tare da maganin danne garkuwa ba. Sauran jama'a da ba su da Hassan ko Husaini, dole a nemo musu dabarar da za ta hana dakarun jiki far wa baƙuwar.

Su kuwa sinadaran haɓaka 'yan aike ne. Ƙwayar halitta ba ta rabuwa gida biyu, ba ta ƙaura daga inda take, ba ta soma gini, sai an aiko mata da umarni. Umarnin yakan zo a siffar ɗan ƙaramin furotin da wata ƙwaya ta saki, ya je ya sauka a kan wata 'yar mazauni da ke jikin maƙwabciyarta, kamar makulli da kwaɗonsa. Wata Bayahudiya 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ita ce ta buɗe wannan ƙofa. Dokokin Mussolini na 1938 sun kore ta daga jami'a, sai ta mayar da ɗakin kwananta wurin bincike, tana nazarin 'yan tsakin da ba su fito daga ƙwai ba. Bayan yaƙi, a Amurka, ta gano sinadarin da ke sa jijiyoyin saƙo tofowa. Abokin aikinta Stanley Cohen ya samo wani a matsirar yawun ɓera, wanda in aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa sai idonsu ya buɗe, haƙoransu su fito, tun lokaci bai yi ba. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1986.

Mai wankin ƙoda ya riga ya san ɗaya daga cikin waɗannan 'yan aike, ko da bai san sunansa ba. Ƙoda mai lafiya ita ke sakin sinadarin eritirofoyetin, wanda ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. In ƙoda ta mutu saƙon ya yanke, jini ya yi ƙasa, shi ya sa ake yi wa masu wankin allurar ƙarin jini. Allurar tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Duk ledar jinin wani da aka ƙara wa mutum tana iya koya wa garkuwarsa tsagar baƙi, ta tanadi makamai tun kafin ƙodar ta iso. Haka ma juna biyu ke yi wa wasu mata. Saboda haka likitocin dashe ba sa son yawan ƙarin jini ga wanda ke jiran ƙoda, sai in ya zama dole.

Ɗan aiken da ya fi kowanne suna a fagen dashe shi ne intalukin-2. Lokacin da aka gano shi a 1976, a ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka, sunan da aka fara ba shi ke nan: sinadarin haɓaka ƙwayoyin T. Ƙwayoyin T wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini, su ne dakarun. In ɗayansu ya ci karo da tsagar da bai sani ba, sai ya saki intalukin-2, wanda aikinsa aikin gangar yaƙi ne: a hayayyafa, a taru. Cikin 'yan kwanaki ƙwaya ɗaya ta zama dubbai, su kutsa cikin ƙodar su soma ɓarna. Wannan shi ne ƙi na farat ɗaya, wanda ya fi aukuwa a watannin farko. A da yakan zo da zazzaɓi da ciwo a wurin aikin da raguwar fitsari. Yanzu sau da yawa shiru yake zuwa, sai gwajin jini ya nuna sinadarin kiretinin ya hau.

In aka dubi ledar magungunan da mai dashe ke yawo da ita, yawancinsu wannan ganga suke yaƙa. Siklosforin da takrolimus suna hana makaɗin ɗaukar gangar tun farko, wato suna hana ƙwayar T ƙera intalukin-2. Allurar basiliksimab, da ake yi ranar aiki da kwana na huɗu, toshe kunnen dakarun take yi. Sirolimus yana barin saƙon ya shiga kunne amma ya tare shi a hanya kafin ya isa inda ake zartarwa. Maikofenolet kuwa kayan ginin yake hana su, ko sun ji kira ba su da abin hayayyafa. Abin sha'awa, uku daga cikin magungunan nan daga ƙasa aka tono su. Siklosforin daga wata funfuna da aka samu a ƙasar wani tsauni a Norwe, kamfanin Sandoz na Switzalan ya sarrafa shi, Roy Calne ya gwada shi ga masu dashe a Kambirij ta Ingila a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983. Takrolimus daga wata bakteriya a ƙasar gindin dutsen Tsukuba na Japan a 1984. Sirolimus daga ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke can tsakiyar tekun Fasifik.

Nasarar ba ƙarama ba ce. Kafin siklosforin, kusan rabin ƙodojin da aka ɗauko daga mamata ba sa kai shekara guda suna aiki. Yau a manyan cibiyoyin duniya fiye da 90 cikin 100 suna wuce shekarar farko, ƙi na farat ɗaya kuma ya sauko zuwa kusan mutum ɗaya cikin goma. Amma da masana suka waiwayi alƙaluman shekara goma da sha biyar, sai suka ga cigaban bai kai na shekarar farko ba ko kusa. An kashe gobara, gidan kuma yana ta zaizayewa a hankali. A nan ne labarin ya koma hannun wasu 'yan aiken daban, waɗanda ba yaƙi suke kira ba, gyara suke kira.

Babbansu shi ne TGF-beta, wanda Anita Roberts da Michael Sporn suka yi fice wajen bayyana shi a farkon shekarun 1980. Wanda ya taɓa zama gaban wanzami aka yi masa ƙaho ya ga aikinsa. Jini ya tsaya, wurin ya yi ɓawo, bayan kwanaki ya bar ɗan tabo. TGF-beta ne ya kira maginan jiki, wasu ƙwayoyi masu saƙa zaren kolajin, ya ce su ɗinke ɓarakar. In aiki ya kammala, kiran yakan tsaya. Wani lokaci kuwa ba ya tsayawa. Kowa ya san yarinyar da aka huda wa kunne, wurin ya tashi ya yi kullutu mai tauri da sheƙi, ko saurayin da askin ƙeya ya bar masa irin wannan. Wannan tabo mai wuce iyaka ya fi yawa ga baƙar fata, kuma an sami TGF-beta da yawa a cikinsa. Maginan ne aka manta ba a sallame su ba.

To a ɗauki wannan hoto a kai shi cikin ƙoda. Ƙoda guda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da siririn bututunta. Ƙodoji biyu masu lafiya suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Aiki ne mai laushi, tabo ba ya iya shi. Ita kuma ƙodar dashe rauninta yana farawa tun ranar aiki, lokacin da aka yanke mata jini aka sa ta cikin sanyi kafin a haɗa ta da sabon jiki. Daga nan duk wani farmakin garkuwa rauni ne, ko da mai ita bai ji komai ba. Hawan jinin da ba a shawo kansa ba rauni ne. Ciwon suga haka, cutar mafitsara da ke hawowa sama haka. Kowane rauni yana sa a saki TGF-beta, shi kuma ya tayar da wani mataimakinsa mai suna CTGF, magina su zuba kolajin tsakanin bututu da bututu. Bututun ya matse, ya shanye, matatar da ke samansa ta mutu. Waɗanda suka rage su ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu, su ma su ji rauni. Garin neman gira ake rasa ido, kuma matatar da ta mutu ba ta dawowa.

Jijiyoyin jinin ƙodar ma ba su tsira ba. A 1974 Russell Ross ya gano wani sinadarin haɓaka a cikin ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, aka sa masa suna PDGF. In garkuwa ta ƙuje shimfiɗar cikin jijiya, PDGF yakan kira ƙwayoyin tsokar bangon jijiyar su matso ciki su hayayyafa. Mai ban ruwa ya san tiyon da laka ta toshe, ana iya buga shi a wanke. Wannan kuwa bangon tiyon ne da kansa ke ƙara kauri ta ciki, ramin yana tsukewa shekara bayan shekara. Jini ya ragu, ƙoda ta ji yunwar iska, yunwar ta zama sabon rauni, TGF-beta ya sake fitowa.

Akwai kuma VEGF, mai haƙa sababbin hanyoyin jini, wanda Napoleone Ferrara ya tace a 1989. Matatar ƙoda ba ta rayuwa sai da shi, amma shi ɗin ne ke sa jijiyoyi yoyo, yana sauƙaƙa wa dakaru shiga. Likitoci a garin Bari na Italiya sun nuna ƙarfinsa a 2005. Masu dashe 15 da suka kamu da wata sankarar fata mai suna Kaposi, wadda ke dogaro da VEGF, aka cire musu siklosforin aka sa su kan sirolimus, cikin wata uku tabban sankarar suka ɓace. Sai dai sirolimus, da yake saƙon haɓaka yake tarewa ko'ina, yana jinkirta warkewar ɗinkin tiyata, shi ya sa likitoci da yawa ba sa fara shi nan take bayan aiki.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, maganin da ya kashe gangar yaƙi yana ƙara wa maginan ƙaimi. Siklosforin da takrolimus suna sa jiki ƙera TGF-beta, suna kuma matse ƙananan jijiyoyin ƙoda. Ana iya ganin alamar wannan haɓaka a baki: wasu masu shan siklosforin dasashinsu kan kumbura har ya soma rufe haƙora. A 2003 Brian Nankivell da abokan aikinsa a Sidni ta Ostireliya suka wallafa binciken da ya girgiza fagen. Sun bi mutum 120 har tsawon shekara goma, suna tsakuro ɗan naman ƙodar da allura lokaci-lokaci, sau 961 gaba ɗaya. Suka ga tabo yana farawa tun shekarar farko, kuma zuwa shekara ta goma kusan kowace ƙoda tana ɗauke da alamar da suka danganta da gubar maganin.

Mai sauraro zai iya cewa, to a rage maganin mana. Likitoci da yawa sun yi wannan tunani, kuma an gwada. Amma a 2012 wani bincike daga Edmonton ta Kanada, ƙarƙashin Philip Halloran, ya juya maganar. Cikin mutum 315 da aka bi, ƙodar 60 ta mutu. Da aka tantance dalili, kusan kashi biyu cikin uku ƙin jiki ne, yawanci ta hanyar kiban da garkuwa ke ƙerawa, waɗanda ake kira antibodi, masu liƙe wa shimfiɗar jijiyoyin baƙuwar ƙoda suna ƙuje ta a hankali. Kuma kusan rabin waɗanda ƙin ya kashe wa ƙoda, an riga an san ba sa shan magani yadda aka ce. A nahiyar Amurka ta Arewa ke nan, inda tsadar magani da nisan asibiti ba su kai namu ba. Ma'ana, maganin yana da tasa illar, amma tsallake shi ya fi saurin kashe ƙoda nesa ba kusa ba.

Me ya hana a ƙera maganin da zai kashe TGF-beta kowa ya huta? An gwada tunanin a jikin ɓeraye. A 1992 masana suka samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon TGF-beta na ɗaya. Cikin mako uku zuwa huɗu da haihuwa suka mutu, garkuwarsu ta far wa zuciyarsu da huhunsu da sauran gaɓoɓi. Ashe magini shi ne kuma mai sulhu. TGF-beta yana cikin abubuwan da ke mayar da wasu ƙwayoyin T su zama dattawan da ke tsawata wa sauran dakaru su mayar da wuƙa kube. Waɗannan ƙwayoyi masu tsawatarwa su ne suka jawo wa Shimon Sakaguchi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell kyautar Nobel ta 2025. Wani abin mamakin, su ma dattawan da intalukin-2 suke rayuwa, wato gangar da magani ke kashewa ita ce abincinsu. Akwai sinadaran haɓaka irin su HGF da BMP-7 da suka rage tabon ƙoda a jikin ɓeraye, an kuma gwada allurai masu kama TGF-beta a jikin mutane, amma babu wanda ya zama maganin da ake rubuta wa mai dashe don narkar da tabo. Magungunan hawan jini irin su losatan suna rage TGF-beta, suna kuma rage zubar furotin a fitsari, duk da haka gwaje-gwajen da aka yi ga masu dashe ba su nuna ƙarara cewa suna tsawaita ran ƙodar ba.

Tunda tabo ba ya narkewa, abin da ya rage a hannu shi ne rage yawan raunin da ke kiran maginan. A nan ne ilimin ɗakin bincike ya iso tashar motar Tsafe.

Akwai abin da ya shafi baƙar fata kai tsaye. Yawancin mutanen da asalinsu Afirka ne suna da wani sinadari mai suna CYP3A5 a hanta da hanji, wanda ke narkar da takrolimus da sauri, alhali yawancin Turawa nasu ba ya aiki. Saboda haka ƙwayar da ta ishi Bature sau da yawa ba ta isar Bahaushe, ƙa'idojin masana ma sun ba da shawarar a fara wa irin waɗannan mutane da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ga shi magani ne da ake shigowa da shi da dala. Mutumin da kuɗinsa bai kai ba, ya ce bari ya riƙa shan rabi don kwalin ya kai ƙarshen wata, ba zai ji ciwon komai ba a makon nan ko a watan nan. Dakarunsa ne kawai za su farka kaɗan, su ƙuje ƙodar kaɗan, magina su zuba tabo kaɗan. Kiretinin kuma makararren ɗan rahoto ne, ƙoda kan yi asarar kaso mai yawa na aikinta kafin ya tashi yadda za a lura.

Sai abubuwan da ake haɗawa da maganin. Rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana zuga hanta ta cinye takrolimus har ya kusa ƙarewa a jini, kuma tarin fuka yana son mai raunin garkuwa, don haka dole likitan tari da likitan ƙoda su san da juna. Diklofenak da ibufurofen, da ake saya a kemis kamar gyaɗa bayan an dawo daga gona, suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya kan kawo da kyakkyawar niyya, na basir da na shawara da na ƙarin ƙarfi, babu mai iya cewa ga abin da za su yi wa ma'aunin maganin a jini. Ga zafin bazara, lokacin da Gusau kan haura digiri 40, mai ƙoda ɗaya in ya bushe ƙodar ce ke biya. Azumi ma magana ce da ya kamata a yi da likita tun cikin Sha'aban, domin takrolimus na yau da kullum sau biyu ake shan sa, awa 12 tsakani, kuma likitoci kan hana azumi a shekarar farko bayan dashe.

Shi ma mai bayarwa yana da nasa tarihin, domin ƙoda takan zo da tabonta. Zamfara ba ta manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dalma tana taruwa a ƙashi, tana jawo hawan jini, tana kuma sa ƙoda tabo a hankali. Ƙanen da ya yi shekaru a wurin haƙar zinariya, in zai ba yayansa ƙoda, wannan magana ce da ya kamata ya faɗa wa likita da bakinsa, don kare kansa da kuma kyautar da zai bayar. Ta fuskar addini kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988, ta haramta sayar da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin, kuma shari'ar Sanata Ike Ekweremadu a Landan a 2023 ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa.

A ganin mai wannan sharhi, inda muka fi kuskure shi ne wurin lissafi. In aka ce za a yi wa wani dashe, attajirai da 'yan siyasa kan fito su biya kuɗin aiki, a ɗauki hoto a bakin gado, Allah ya saka musu. Amma ranar aiki rana ɗaya ce, magani kuwa na kowace safiya da kowane dare ne har iyakar ran ƙodar. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, abin a yaba ne. Sai dai duk ƙodar dashen da ta mutu saboda yankewar magani, mai ita kan injin wankin nan zai koma, da garkuwar da ta riga ta koyi faɗa, wadda za ta sa dashe na biyu ya fi na farko wuya. Gwamnatin jiha ko mai hannu da shuni da ke son taimakon ya ɗore, asusun magani da kuɗin gwaji na shekaru ya kamata ya buɗe tare da biyan kuɗin tiyata. Iyali ma, kafin a sayar da gona, su tambayi likita nawa maganin wata zai ci, su ninka shi sau sha biyu, su ga wa zai ɗauki wannan bayan 'yan barka sun watse.

Ko gwajin ma yana da nasa sharaɗin. Ana auna takrolimus a jini ne daidai lokacin da ya fi ƙaranci, wato awa 12 bayan shan na dare, kafin a sha na safe. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Ga magidancin 'Yandoto da asibitinsa ke Kano, wannan na nufin ya kama hanyar Funtuwa tun jiya da rana, domin hanya ce da matafiya ba sa son dare ya riske su a kanta, ya kwana wurin dangi, ya sha na dare a kan lokaci, ya isa layi da sassafe da ƙwayar safe a aljihu. In asibitin a Sakkwato yake, ta Bunguɗu da Talatar Mafara, tafiyar ta haura kilomita 200. Sai an ɗebi jinin sannan ya nemi ruwa ya haɗiye ƙwayar, kuma sakamakon da zai fito shi zai nuna wa likita ko a ƙara masa rabin miligiram ko a rage.